Abin da Ke Ƙarƙashin Ɗankwalin 'Yar Inna

Talata, bayan la'asar

Mun dawo gida. An sallame mu daga asibitin Zariya da hantsi, muka shigo motar Makarfi, daga can babura suka kawo mu Dandamisa. Inna ce ta rungume yarinyar a mota. Ni ina kujerar baya da ƙaramin ɗana Haidar a cinya, duk ramin da mota ta faɗa sai na kalli ƙeyarta.

Inna Uwaliya uwar mijina ce. Yarinyar kuwa 'yata ce ta fari, shekararta shida. Tun da na yaye ta aka kai ta ɗakin Inna, can take ci, can take kwana, har unguwa kaf 'yar Inna ake ce mata. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka aka koya mini kunyar ɗan fari, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai bana. Anti take ce mini, yadda ta ji ƙannen babanta suna faɗa.

An cire mata ƙari a ƙwaƙwalwa, ta ƙeya aka shiga. Ga shi na rubuta, ba zan sake rubutawa ba.

Laraba, da hantsi

Gara in ajiye maganar likita a nan tun ban manta ba, tunda bakina ba shi da izinin maimaita ta.

Kafin a sallame mu ya zo gefen gadon ya ce, "Wace ce mahaifiyar?"

Inna ta ce, "Ga ni."

Ina tsaye a bakin ƙofa da goyo. Babanta, Ja'afar, ya fita neman mota.

Likitan ya ce, "Mama, aiki ya yi kyau, amma da sauran lura. Akwai ruwan da Allah ya halitta a cikin kan kowa, yana zagayawa yana wucewa ta wata 'yar hanya a ƙeya. To daidai nan ƙarin ya zauna. Ga ta ƙarama, ga shi tun kafin mu taɓa ta ruwan ya riga ya taru, sannan akwai ɗan guntun da muka bari don ya manne a inda ba a taɓawa. Irinta ne ruwan ya fi komawa ya taru musu. A riƙa ɗaga mata kai da matashi. In kun ga amai da safe, ko ciwon kai, ko barci ya yi yawa, ko tana layi, ko ido ya karkace, ko wurin ɗinkin ya kumbura, ku kawo ta a ranar. Kada ku jira ranar da muka ba ku. Kuma kada kowa ya taɓa wurin."

Inna tana ta cewa, "To, to, Allah ya saka da alheri." Ta ɓangaren hagunta ya tsaya, kuma kunnen nan ya daɗe da yin ritaya. Duk gidan nan mun sani, in kana so Inna ta ce to, ka tsaya mata ta hagu.

Na gaya wa Baban Haidar a hanya. Ya ce, "Ai Inna ta ji."

Juma'a, bayan azahar

'Yan dubiya kamar ana biki. Dangin Inna daga Taba, 'yan uwana daga Janfalan, kowa da 'yar kwallarsa ta fura. Inna ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali har kan gira, wai kada a riƙa kallon askin a kai labari gari. Ban ga laifinta ba, bakin matan unguwar nan ba ya hutu.

Amma tun da muka dawo ban ga ƙeyar ba.

Matashin da na kai ɗakin, Inna ta sa shi a bayanta ta jingina. A tabarma take shimfiɗe yarinyar, wai haka jini ya fi kwanciya.

Lahadi, da safe

Ta yi amai. Daga madafi na jiyo.

Inna ta ce magani ne aka ba ta ciki ba komai.

Litinin, da safe

Ta sake.

Litinin, bayan la'asar

Na zama ɓarauniya a gidan mijina. Ni da kan aiki yara da kwano, yau ni ke kai kunu ɗakin Inna da kaina, in koma ɗauko ludayi, in koma neman murfin da na san yana ƙarƙashin gadona. Inna ta ce, "Wannan ladabi na Mukarrama, Allah ya sa ba wani abu kika fasa mini ba."

Na yi dariya. Da ta fita alwala na durƙusa na ɗaga gefen ɗankwalin.

Akwai abu. Ƙasan ɗinkin ya tashi kamar ƙwan zabo, da laushi, in ka ɗora yatsa sai ya lotsa ya dawo. Ba ja, ba zafi. Yarinyar ta buɗe ido ta ce, "Anti, me kike nema?"

Na ce, "Kwarkwata."

Ta ce, "Ai ba ni da gashi." Ta yi 'yar dariya, sai ta kama kanta da hannu biyu.

Na fito na koma madafi. Tuwon dare ya yi gudaji.

Talata, bayan magariba

Na tare Baban Haidar yana cin abinci. Ana saran rake, ga 'yan ƙwadago a gona, ga mota na jiran lodi, in ya shigo ko takalmi da ƙyar yake cirewa. Na ce, "Malam, wurin ya kumbura. Yana cikin abin da likita ya lissafa."

Ya ajiye lomar. Na ga tsoron a fuskarsa da idona, ba zai ce mini bai ji ba. Amma ya ce, "Inna ce ke mata wanka kullum. Da akwai abin tashin hankali da ta faɗa."

"Ba ta ji likitan ba."

"To in je in ce mata me? Mun fi ta son yarinyar? Ki bari mu ga kwana biyu, ranar komawa ma ta kusa."

Shi ma ɗaurarre ne kamar ni. A gaban uwarsa ko kallon yarinyar ba ya yi. Na san haka, amma na ji haushinsa har na ƙi ɗauke kwanon.

Laraba, da hantsi

Na gwada da Inna. Na tsaya ta dama, na durƙusa, na gaishe ta da kwana da gajiya da mai jiki, na yi ta zagaye kamar mai neman aron zani. Sannan na ce, "Inna, na ji kamar likitan ya ce in ana amai a koma."

Akwai maƙwabta biyu a ɗakin. Inna ta dube su ta ce, "Kun ji fa. Asibiti ya koya wa 'yar nan likitanci, ya kuma cinye mata kunya. Wa ya tambaye ki 'yata? Je ki ji da ɗanki."

Suka kwashe da dariya. Da wasa ta faɗa, har ta miƙo mini goro. Na karɓa na fito fuskata kamar an watsa mini barkono.

Tsoro nake ji. Ba na jin komai sai tsoro.

Juma'a, bayan azahar

Yau ba amai. Ta zauna a ƙofar ɗaki ta sha rake gaɓa guda, har ta yi wa Haidar gwalo. Inna ta kalle ni ta gefen ido, na gane abin da take nufi.

Wataƙila ni ce mai zuzuta abu. Uwata takan ce tun ina ƙarama in kaza ta yi tari sai na ce a kira malam. Allah ya sa haka ne. Na yarda a yi mini dariya har ƙarshen rayuwata.

Asabar, da safe

Amai, sau biyu. Da ta tashi zuwa bayan gida ta bi bango.

Lahadi, bayan la'asar

Barci take tun safe. An tashe ta ta sha kunu ta koma. Inna murna take, wai barci shi ne magani, jiki ke karɓar sauƙi. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "A hankali, 'yata na hutawa."

Ina shara a ƙofar ɗakin, na share wurin ya kai sau nawa ban sani ba. Tsintsiyar ma ta gaji da ni.

Litinin, bayan azahar

Na kai ruwa ɗakin, ta farka ta dube ni. Idonta na dama ya shigo ciki ta wajen hanci. Ta ce, "Anti, kin zama biyu."

Na ce, "Wace ce ta fi kyau?"

Ta koma barci.

Na shiga bayan ɗaki inda ake tara kara na toshe bakina da zani.

Talata, bayan magariba

Ashe Inna ta daɗe da ganin kumburin. Yau ta kira ɗanta, ina jinsu ta taga. Ta ce, "Ja'afaru, abin nan na ƙeyar yarinya ya girma, ya kai lemo. Mataccen jini ne likitoci suka bari, shi ke sa mata ciwon kai. Na aika wa Iliyasu ya zo ya yi mata ƙaho."

Baba Iliyasu wanzamin gidan nan ne, shi ya yi wa yaran gidan duka askin suna. Shekara da shekaru in ciwon kai ya kama Inna, shi ke kafa mata ƙaho a ƙeya, ya tsaga ya zuƙe jinin, ta tashi garau. Ba mugunta take nufi ba. Abin da ya taɓa warkar da ita take so ta ba wadda ta fi so a duniya.

Baban Haidar ya ce, "Inna, da dai an koma asibitin."

Ta ce, "A sake fasa mata kai? Ina raye? Ai ka ga yadda suka dawo mini da ita."

Na jira ya ƙara ko kalma ɗaya, bai ƙara ba.

Ba a ƙaho ranar Laraba, in ji Inna, sai jibi.

Laraba, da hantsi

Kada kowa ya taɓa wurin. Haka ya ce. Kada kowa ya taɓa wurin.

Laraba, bayan la'asar

Na ce wa Baban Haidar ya je ya hana Baba Iliyasu zuwa. Ya ce zai biya ta gidansa in ya taso daga gona. Ya dawo ya ce bai same shi ba, ya tafi aski Kudan. Ban sani ba ko ya je.

Yau ko kunun ba ta sha ba.

Alhamis, bayan magariba

Muna Zariya. An shiga da ita ɗakin tiyata.

Sauran sai gobe.

Juma'a, da hantsi

An fito da ita jiya. Tana numfashi. Bari in rubuta yadda aka yi, ko zai bar yi mini yawo a kai.

Baban Haidar ya fita gona da sassafe, ya ce in wanzamin ya zo a aika masa. Ba wanda ya aika. Ina wanke-wanke na ji sallamar Baba Iliyasu, na ji shi da Inna suna gaisawa, gida da iyali da gona da sanyin safiya, gaisuwar da ba ta ƙarewa. Ina nan riƙe da tukunya ɗaya ina ta cuɗa ta.

Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kifa yarinyar a kan ƙafafunta, ta kwance ɗankwalin. Rabon da in ga wurin da rana tsaka tun a asibiti. Ya yi tsini yana sheƙi, fatar ta miƙe har ɗinkin ya buɗe baki kaɗan. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, wasu suka shigo. Baba Iliyasu ya buɗe zabira, ya jera ƙahonni, ya jiƙa wurin da ruwa. Ya ce, "Lallai ya taru. Yanzu za ta ji sakayau."

Abin da ya tsinka mini zuciya ba askar ba ce. Yarinyar nan in ta hango zabirar Baba Iliyasu daga nesa sai ta shige ƙarƙashin gado. Jiya yana taɓa ƙeyarta da hannu mai sanyi, ko motsi ba ta yi ba. Hannunta ɗaya yana reto a gefen ƙafar Inna.

Ban san lokacin da na saki tukunyar ba. Na ga dai hannuna riƙe da wuyan hannun dattijon da ya girmi ubana, aska a buɗe tsakaninmu.

Na ce, "Baba, kada ka taɓa ta."

Inna ta ce, "Ke, lafiyarki?"

Ban kula ta ba. Na juyo da yarinyar na girgiza ta. Na ce, "Ummuhani. Ummuhani, tashi." A gaban uwar mijina, a gaban wanzami, a gaban matan unguwa. Sunan ya fito mini baƙo a baki, kamar na wata. Ta ɗaga ido da ƙyar, baƙin ya gangara ƙasa, ta mayar ta rufe.

Inna ta riƙe ƙafarta ta ce, "Mukarrama, a gabana? Saki mini 'yata."

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni na haife ta."

Na kwance Haidar daga bayana na ajiye shi a cinyar Inna yana tsala ihu, na goya Ummuhani da zanin, ƙafafunta suna bugun gwiwoyina. Na fita ba mayafi, wata ce ta biyo ni da nata har bakin hanya. Mai babur ɗin da ya tsaya bai tambaye ni komai ba.

A tashar Makarfi babanta ya cim mana, da laka har gwiwa. Bai yi mini faɗa ba, bai ba ni haƙuri ba. Ya zauna kusa da ni a mota ya riƙe tafin ƙafarta har Zariya, yana karanta abin da ya sawwaƙa.

Wata likita mace muka samu. Ta haska idon, ta taɓa ƙeyar, ta ce a yi hoton kai maza. Ta tambaye ni yaushe aman ya fara. Na faɗa mata. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da rubutu. Da na ba ta labarin ƙahon sai ta ajiye biron ta ce, "Ba jini ba ne a ciki, ruwan ƙwaƙwalwa ne ya rasa hanya ya taru a ƙarƙashin fata. Da an tsaga, da an buɗe wa cuta ƙofa har cikin kai." Ta ce a ciki ma ya taru yana danne ƙwaƙwalwar, shi ne barcin. Za su sa siririyar roba daga cikin kai, ta bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne ta sauka cikinta, ruwan ya riƙa bi ta nan. Babanta ya ce a yi.

Juma'a, bayan la'asar

Inna ta zo da Haidar, don ya ƙi kunu ya ƙi madara. Ta aiko wata mai jinya ta miƙo mini shi, na ba shi nono a baranda, aka mayar mata. Ta shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya can gefen ɗakin yara. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa bishiyar.

Ba ta shigo ba. Ɗanta ya roƙe ta, ta ce, "Mai 'ya tana ciki."

Asabar, da safe

Ba ta farka ba. Sun ce a ba ta lokaci.

Lahadi, bayan azahar

Kumburin ya fara sacewa. Jikinta da ɗan zafi. Likitar ta ce abin da suke tsaro yanzu shi ne kada cuta ta kama robar, don fatar wurin ta riga ta yi rauni, shi ya sa ake ta allurai. Ta ce ko an warke, robar kan toshe wata rana, duk alamomin da na sani in riƙe su har ta girma. Wato wannan tsoron ya zo ke nan, sai dai in gyara masa wurin zama.

Ina zaune ina riƙe da hannunta. Ban san akwai tabo a ɗan yatsanta ba, ban san yaushe ta ji ciwon ba. Ina ta kiran sunan a hankali, tunda an riga an fasa. Ba ta amsa.

Litinin, da hantsi

Ta buɗe ido ta rufe. Ba ta ce komai ba. Na tambayi likita ko za ta yi magana, ta ce, "Muna fata."

Inna na nan gindin bishiya. Baban Haidar ya ce tun da ta zo ba ta ci abin kirki ba, in ya kai mata sai ta ce tana azumi. Na leƙa ta taga na gan ta tana jijjiga Haidar, idonta a kan ƙofar ɗakinmu. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan. Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, ban san wanda ya fi ba.

Talata, bayan azahar

Ina goge mata baki da tsumma mai ɗumi sai na ga tana kallona. Idanun biyu a kaina suke, daidai. Leɓenta ya motsa, na kai kunnena.

Ta ce, "Anti."

Na ce, "Na'am. Na'am, ga ni."

Ta ce, "Ina Inna?"

Na ɗan tsaya da tsumman a hannu. Ba zan yi ƙarya ba, ya soke ni. Amma magana ce, da muryarta, ta san ni, ta san wadda take nema. Na ce, "Tana waje, bari in kira ta."

Na fita na je gindin bishiyar na durƙusa ta damanta. Ta kau da kai kamar kullum. Na ce, "Inna, 'yarki ta farka. Ke take kira."

Ta juyo. Ta ce, "Ta yi magana?"

"Ta yi."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, Inna."

Ta tura mini Haidar, ta dafa ƙasa ta miƙe. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin Inna ta yi gudu ba sai yau, carbi na reto, mayafi na jan ƙasa, masu jinya na kauce mata. Na saɓa yaron a kafaɗa, na tsince takalman da ta bari a bakin tabarma, na bi bayanta ina kuka, kowa na kallo, ban rufe fuska ba.